TABARAU IRI-IRI NE, KOWANE DA AIKINSA

Yawancin mutane idan sun kai shekara 40 zuwa 45 sukan lura da wani canji a idonsu. Ƙananan baƙaƙe su fara yin dishi-dishi. Tela ya kasa zura zare a allura sai ya kira yaro. Mai tsintar shinkafa ta daina bambanta tsakuwa da ƙwaya. Mai karatu ya riƙa nesanta takarda iyakar tsawon hannunsa kafin ya gane abin da aka rubuta. Wasu sukan ɗauka makanta ce ta kamo hanya, wasu kuma su ce sammu ne. A ajin yaƙi da jahilci ma akan sami dattijon da zai daina zuwa, yana cewa kansa ba ya ɗauka, alhali kuwa idonsa ne yake neman taimako.

Wannan taimako shi ne tabarau. Sai dai tabarau iri-iri ne. Ana yin su da abubuwa daban-daban, ƙirarsu ma daban-daban ce, haka nan kuɗinsu. Wanda bai san bambancin ba yakan sayi mai tsada ya kasa aiki da shi, ko ya sayi mai araha ya fashe masa a fuska. Tabarau kayan aiki ne kamar fartanya ko keken ɗinki. Ana zaɓensa ne bisa awon idon mutum da kuma irin sana'arsa.

ME YA SA GANIN KUSA YAKE RAGUWA?

A cikin ido, bayan baƙin nan na tsakiya, akwai wani ɗan madubi garai-garai. Lokacin ƙuruciya yana da taushi. Idan mutum ya dubi abu na kusa sai ya kumbura, idan ya dubi na nesa sai ya baje. Da shekaru suka yi yawa sai ya fara tauri, ya kasa kumbura yadda ya kamata. Shi ke nan sai ganin kusa ya ragu. Wannan yakan sami kowa, mace da namiji, mai ilmi da marar ilmi, kamar yadda furfura take zuwa.

Abin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2019 cewa mutum miliyan 826 ne suke fama da raunin ganin kusa ba tare da tabarau ba. An kuma yi wani gwaji a jihar Asam ta ƙasar Indiya, aka fitar da sakamakonsa a 2018. An ba wasu masu tsinkar ganyen shayi tabarau na kusa, aka bar wasu haka nan. Waɗanda aka ba tabarau sun ƙara yawan ganyen da suke tsinka da fiye da kashi 20 cikin 100. Ke nan gyaran ido yana ƙara abin da ke shiga aljihu.

SASSAN TABARAU DA LAMBOBINSA

Tabarau sassa biyu ne. Akwai firam, wato abin da ke hawa hanci da kunnuwa. Akwai kuma idanun tabarau guda biyu, waɗanda mutum yake gani ta cikinsu. Jama'a sukan kira su gilashi ko da na roba ne.

Kowane idon tabarau yana da lambar ƙarfinsa. Mai alamar tarawa (+) yana da kauri a tsaka, shi ne yake taimakon ganin kusa. Mai alamar ɗebewa (-) yana da kauri a gefe, shi ake ba wanda ba ya ganin nesa sosai. Ga ganin kusa, mai shekara 40 zuwa 45 yakan fara da +1.00. Wajen shekara 50 yakan kai +1.50 ko +2.00. Wajen shekara 60 kuma +2.50. Wannan ƙiyasi ne kawai, awo shi ne yake faɗin gaskiyar lambar kowa. Sau da yawa idon dama da na hagu ba su zama lamba ɗaya.

DA ME AKE YIN IDON TABARAU?

Na farko shi ne gilashi na ainihi. Da shi aka fara yin tabarau a ƙasar Italiya wajen shekarar 1290, kuma shi aka yi ta amfani da shi har shekaru ɗaruruwa. Gani ta cikinsa tangaram ne, ba ya kuma saurin karcewa. Wannan abin so ne a ƙasar da ƙura ta yi yawa. Aibinsa biyu ne. Yana da nauyi, har yakan bar shaida a kan hanci. Sa'an nan idan dutse ko tsinke ya buge shi yakan tarwatse, ɓarɓashinsa ya shiga ido. Saboda haka bai dace da yara ba, bai kuma dace da mai aikin ƙarfi ba.

Na biyu shi ne roba ta yau da kullum, wadda masu shago suke kira CR-39. An fara yin tabarau da ita a Amurka a 1947. Nauyinta kusan rabin na gilashi ne, gani ta cikinta kuwa kusan ɗaya yake da na gilashi. Tana da araha, tana kuma karɓar rini idan ana son a sa mata launi. Ba ta saurin fashewa kamar gilashi, amma tana karcewa, kuma idan lamba ta yi yawa takan yi kauri. Ga mai ƙaramar lamba wanda yake aikin zaune, kamar malami ko mai tireda, wannan roba ta wadatar.

Na uku shi ne folikabonet. Wannan wata roba ce mai ƙarfin gaske, irin wadda ake yin gilashin kariya na ma'aikata da ita. Ta fi CR-39 rashin nauyi da rashin kauri, tana kuma tare hasken rana mai cutar da ido. Babban amfaninta shi ne jure bugu. Ita ta dace da yara, da ɗan acaɓa, da kafinta, da mai faskare, da mai fasa dutse. Wanda ido ɗaya ya rage masa ma ita ya kamata ya sa, don ya tsare wanda ya saura. Amma fuskarta tana da taushi, dole a yi mata shafen hana karcewa. Wasu masu babbar lamba kuma sukan ga launi-launi kamar bakan gizo a gefen abubuwa idan sun duba ta gefen tabarau.

Na huɗu shi ne Trivex, wanda ya fito a 2001. Yana jure bugu kamar folikabonet, ya fi duk sauran rashin nauyi, kuma matsalar launi-launin nan ba ta da yawa a cikinsa. Sai dai ya fi tsada, ba kuma kowane shago ake samunsa ba.

Na biyar shi ne siririyar roba ta masu babbar lamba. Kowane irin idon tabarau yana da wata lamba da take nuna yadda yake lanƙwasa haske. Ta CR-39 ita ce 1.50, ta Trivex 1.53, ta folikabonet 1.59. Siririyar roba kuwa tana zuwa a 1.60 da 1.67 da 1.74. Gwargwadon girman wannan lamba, gwargwadon sirantar tabarau, gwargwadon kuma tsadarsa. Wanda ƙarfin tabaransa ya kai 4.00 ko ya wuce zai ga amfaninta, don tabaransa ba zai yi kama da gindin kwalba ba. Mai +1.50 kuwa idan ya saye ta ya yi asarar kuɗinsa, don bambancin ba zai taka kara ya karya ba. Zaɓen ƙaramin firam ma yana rage kauri, ba tare da ƙarin ko kwabo ba.

SHAFE-SHAFEN DA AKE YI MASA

Bayan an zaɓi irin robar, mai shago yakan yi tayin shafe. Shafen hana karcewa shi ne na wajibi ga duk tabarau na roba. Akwai shafen hana ƙyalli, wanda yake taimakon direba da dare idan fitilun mota suna dallare shi. Siririyar roba tana bukatarsa ƙwarai don tana da ƙyalli. Amma yana nuna ƙura da maiƙon hannu, zafi mai yawa kuma yakan sa ya tsattsage.

Akwai kuma tabarau mai rikiɗa, wanda yake yin duhu a rana ya washe a inuwa. Yana hutar da mai yini a gona ko a kasuwa. A sani cewa idan gari ya yi zafi ƙwarai ba ya yin duhu kamar lokacin sanyi. A cikin mota ma yawancinsu ba su rikiɗa sosai, domin gilashin mota yana tare hasken da yake sa su rikiɗa.

ƘIRA UKU

Abin da aka yi idon tabarau da shi daban, yadda aka ƙera shi kuma daban. Ƙira uku ce aka fi sani.

Ta farko ita ce mai ƙarfi ɗaya. Ko'ina a jikinsa lamba ɗaya ce, ko dai ta nesa ko ta kusa. Filin ganinsa yana da faɗi, ya kuma fi sauran araha. Na karatu da ake sayarwa a kasuwa duk irin wannan ne. Idan mutum ya sa na karatu ya ɗaga kai, nesa takan yi masa hazo. Don haka ba a tafiya da shi, ba a kuma hawa babur ko keke da shi.

Ta biyu ita ce mai hawa biyu, wanda masu shago suke kira baifokal. Sama ta ganin nesa ce, ƙasa kuma akwai ɗan taga na karatu, da layi a tsakaninsu. Ana danganta shi da wani Ba'amurke mai suna Benjamin Franklin, wanda wajen 1784 ya gaji da cire wannan ya sa wancan, sai ya sa aka raba idanun biyu aka haɗa rabi da rabi a firam ɗaya. Tagan karatunsa yana da faɗi, ana kuma saurin sabawa da shi. Amma idan ido ya tsallaka layin sai a ga abu ya yi ɗan tsalle. Sa'an nan abin da yake tsaka-tsaki, kamar kayan da ke kan tebur a tsawon hannu, ba ya fitowa sosai ga wanda shekarunsa suka ja.

Ta uku ita ce mai gangara, wanda ake kira furogiresib. Wani injiniya Bafaranshe mai suna Bernard Maitenaz ne ya ƙera shi, aka fitar da shi kasuwa a 1959 da sunan Varilux. Ba shi da layi. Idan mai hawa biyu kamar matakala yake, wannan kamar gangaren tudu yake. Sama ta nesa ce, ƙarfin yana ƙaruwa a hankali ta wani siririn lungu a tsakiya, har ya kai cikakken ƙarfin karatu a ƙasa. Da tabarau ɗaya mutum zai ga mai tahowa daga nesa, ya ga mudun da ke gabansa, ya kuma karanta saƙo a waya.

Amma kowane allazi da nasa amanu. A gefen dama da hagu na lungun nan akwai wurin da gani yake yamutsewa. Sabon shiga yakan ji kamar ƙasa tana lilo idan ya juya kai. Babu kamfanin da ya iya kawar da wannan yamutsi gaba ɗaya. Gwargwadon ƙarfin lambar karatu, gwargwadon yawansa.

IRE-IREN MAI GANGARA

Wanda ya haƙa rijiya dole ya san yadda zai yi da ƙasar da ya fitar. Ko ya tara ta tsibi ɗaya a gefe, ko ya baza ta ko'ina a fili. Haka masu ƙira suke yi da yamutsin nan, a nan ne kuma bambancin ƙira yake.

Ƙira mai tsauri tana tara yamutsin a kusurwoyin ƙasa. Wurin ganin nesa da wurin karatu sukan yi faɗi su yi garau, amma da ido ya kauce sai ya faɗa cikin yamutsi mai ƙarfi. Wanda ya daɗe da mai hawa biyu yakan fi jin daɗin wannan. Ƙira mai sassauci tana baza yamutsin a hankali. Wurin da yake garau ya ɗan ƙuntata, amma lilon ƙasa ba shi da yawa, ana kuma saurin sabawa. Ta fi dacewa da sabon shiga da mai yawan zirga-zirga. Yawancin na yanzu suna tsakanin waɗannan biyu ne.

Tsawon lungu ma yana bambanta. Mai dogon lungu yana canja ƙarfi sannu-sannu, ya fi daɗi a ido, amma yana bukatar firam mai zurfi. Daga tsakar ido zuwa gindin firam ana son milimita 18 ko fiye. Mai gajeren lungu an yi shi don ƙananan firam, yakan shiga a milimita 14 ko kusa da haka, sai dai wurin ganin tsaka-tsakinsa kaɗan ne. Idan aka cusa mai dogon lungu a ƙaramin firam, wajen yanka sai a yanke wurin karatun. Mutum ya biya kuɗi mai yawa ya koma gida bai iya karanta komai ba.

Akwai kuma na aikin zaune. Shi yana ba da fili mai faɗi ga kusa da tsaka-tsaki, ya bar nesa. Yana da kyau ga tela, da mai gyaran rediyo ko waya, da akawu. Ba a tuƙi da shi. Daga wajen shekarar 2000 kuma aka fara yanka mai gangara da na'ura mai kwamfuta, daidai da awon mutum da yadda firam ya zauna a fuskarsa. Wannan ya rage yamutsi, amma shi ne mafi tsada.

Sabawa da mai gangara takan ɗauki 'yan kwanaki zuwa mako biyu. Dabarar ita ce mutum ya juya kai, ya nuna abin da yake son gani da hancinsa, kada ya harara ta gefe. Wajen sauka daga matakala ko tsallake kwata, ya sunkuyar da kai ya duba ta saman tabarau. Idan ya duba ta ƙasa, wurin karatu ne, ƙasa za ta yi masa hazo. Masana sun gano cewa tsofaffi masu sa mai hawa biyu ko mai gangara sun fi yawan tuntuɓe a waje. Dattijon da yake bin kunyoyin gona ko bakin rijiya gara ya mallaki biyu, ɗaya na tafiya ɗaya na karatu. Sau da yawa kuɗin biyun bai kai na mai gangara guda ba.

AIKIN MAI HAƊA TABARAU

Ma'aikatan ido kashi uku ne. Akwai likitan ido mai magani da tiyata. Akwai mai awon ido wanda yake fitar da lamba. Akwai kuma mai haɗa tabarau, wanda yake yanka idanun ya sa su a firam. A Nijeriya tun 1989 doka ta kafa hukumar da take yi wa masu awo da masu haɗa tabarau rajista.

Mai haɗa tabarau na kirki yakan fara da tambaya. Mece ce sana'arka? A zaune kake yini ko a tafe? Kana tuƙi? Ka taɓa sa tabarau? Bayan haka sai ya daidaita firam a fuska tukuna, sa'an nan ya yi awo. Zai auna nisan kowane baƙin ido daga karan hanci, dama daban hagu daban. Zai kuma ɗiga alama a daidai tsakar kowane ido. Lungun mai gangara siriri ne ƙwarai, kuskuren milimita 2 ya isa ya sa mutum ciwon kai. Shi ya sa ba a aiken yaro ya sayo mai gangara, ba a kuma aron na wani. Mai sayar da shi ba tare da wannan awo ba, a guje shi.

Mai saye shi ma yana da haƙƙin tambaya, matambayi ba ya ɓata. Ya tambayi irin robar da za a sa masa da dalilin zaɓenta. Ya karɓi takardar awonsa ya adana. Ya kuma ji ko za a gyara masa idan mako biyu ya wuce bai saba ba.

NA KASUWA FA?

Na karatu da ake sayarwa a tire yana da amfani ga wanda yake ganin nesa lafiya lau, idanunsa biyu kuma ƙarfinsu ɗaya. Ya tafi da jarida ko allura da zare. Ya riƙe su kamar santimita 40 daga fuska, wato kusan kamu ɗaya. Ya fara gwada ƙaramar lamba yana hawa, ya tsaya a kan ta farko da ta nuna masa garau. Tabarau ba ya lalata ido, kamar yadda wasu suke faɗi. Lambar tana ƙaruwa ne saboda shekaru, ko an sa ko ba a sa ba. Yaro kuwa ba a saya masa na tire, sai an auna shi.

YADDA AKE KULA DA SHI

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar tabarau na roba, musamman da hunturu. Kada a goge shi a bushe da bakin riga. A fara zuba masa ruwa mai tsabta, a sa ɗan sabulu marar kaushi, a ɗauraye, a goge da ƙyalle mai laushi. Kada a taɓa shi da fetur ko kananzir. Kada a bar shi kusa da murhu ko a gaban mota cikin rana. A cire shi da hannu biyu, a sa shi a gidansa, kada a kifa shi a kan idanunsa.

ABIN DA TABARAU BA YA MAGANI

An yi binciken makanta a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007. An gano cewa cikin mutum 100 masu shekara 40 zuwa sama, kimanin 4 makafi ne. Yanar ido ce ta fi jawo makantar, sai hawan jinin ido. Tabarau ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Yanar ido tiyata ake yi mata a asibiti, mutum ya koma gani. Hawan jinin ido kuwa yakan cinye gani a ɓoye ba tare da ciwo ba, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa. Awo ne kaɗai yake tona shi da wuri.

Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40 ya kamata a duba masa ido a asibiti, ko da ya sami na tire ya yi masa daidai. Mai ciwon sukari da wanda akwai makanta a danginsu su riƙa zuwa kowace shekara. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko ido ya yi ja yana zogi, ko wani abu ya soke shi, a tafi asibiti ran nan, kada a ɗiga komai a ciki. Manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da sashen ido. Akwai kuma Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano. Wanda zai je ya tafi da tsohon tabaransa da takardar awonsa idan yana da su, ya kuma faɗa wa ma'aikaci irin aikin da yake yi da idonsa kullum.